Ɗalibai su riƙa ba malamansu maki? Dan Allah ina neman shawara

Malamin Lissafi, Gombe:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara, musamman daga malamai 'yan uwana da kuma iyaye, don abin nan tun ranar Alhamis yake ci min rai.

Ni malami ne a wata sakandare ta kuɗi a nan cikin garin Gombe, ba zan faɗi sunanta ba, shekarata tara ina koyar da lissafi daga SS1 zuwa SS3. Ranar Alhamis bayan an tashi firinsifal ta tara mu a ɗakin malamai ta ce daga wannan zangon za a riƙa raba wa ɗalibai fom a ƙarshen kowane zango su ba kowane malami maki daga 1 zuwa 5, kuma ba za su sa sunansu ba. Ta miƙo mana fom ɗin muka zagaya da shi hannu da hannu, takarda ɗaya ce, tambayoyi ne irin su malam yana shigowa aji a kan lokaci, yana duba aikin gida ya dawo da shi, yana bari a yi masa tambaya, kana gane abin da yake koyarwa, malam ya san darasinsa sosai, sai ta ƙarshe wai kana so wannan malamin ya ci gaba da koyar da ku. Sannan ta ce mai makaranta zai duba sakamakon idan an zo ƙarin albashi da sabunta kwantiragi. Wallahi ɗakin shiru ya yi, fanka kawai kake ji.

Abin da ke damuna shi ne ni ne mai tsayawa bakin get da safe, duk wanda ya makara ni ke tsare shi ya tsinci leda kafin ya shiga aji, ni na ƙwace wayoyi a SS2 zangon da ya wuce, kuma a jarrabawar gwaji ta 'yan SS3 ni na hana a shiga da ekspo har wata yarinya ta yi sati biyu ba ta gaishe ni. Akwai kuma abokin aikina, mutumin kirki ne ba na zaginsa, amma rabin fiyod ɗinsa hirar ƙwallo ne kuma makin tes kowa yana samun kusan cikakke. To tsakanina da shi wa yara za su ba 5?

Amma kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Lokacin da nake sakandare mun yi wani malamin fizis wanda shekara guda cur bai taɓa warware mana lissafi ɗaya a allo ba, sai dai ya ba monita littafi ya kwafa mana shi kuma ya tafi harkokinsa, mu da yawa muka kwashi F9 a WAEC, kuma babu wanda ya taɓa tambayarmu me ke faruwa a ajin nan. Da an tambaye mu da mun faɗa. Shi ya sa na rasa inda zan tsaya. Ranar Litinin za a sake zama kuma an ce kowa ya zo da ra'ayinsa. Me kuke gani?

Tsohon Hedimasta, Azare:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka kawo maganar yadda take, ba ka ɓoye ɓangaren da bai yi maka daɗi ba.

Ni na yi shekara 35 a aikin nan kafin na yi ritaya, da takardar koyarwa ta Grade II na fara, cikin waɗanda aka kwasa bayan shirin UPE na ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin Gombe da Azare duk jiha ɗaya muke don sai 1996 aka cire muku taku. A zamaninmu ba yaro ke auna malami ba, sufeto ne. Kuma sufeto ba ya aiko da saƙo, sai dai ka ɗaga kai ka gan shi zaune a bencin baya. Zai karɓi lesin not ɗinka ya gwada da sikim, ya buɗe rijista, ya duba dayari, sannan, kuma nan ne gizo ke saƙar, ya ɗauki littafin yaro uku ko huɗu daga cikin aji ba waɗanda kai ka zaɓa ba, ya ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa su. Daga nan ya kira yaro ɗaya allo. Ka ga ko a lokacin ma ana jin ta bakin yara, sai dai ta hannun babba wanda ya san aikin.

Yanzu abin ya yi sanyi. Ofisoshin sa ido suna nan, amma makarantu sun yi yawa, a wasu wuraren sai a daɗe ba a leƙo ba, idan kuma za a zo an riga an sani, kowa ya kwana yana cike lesin not na wata biyu. To wa ya rage wanda yake ganin malami kullum, Litinin zuwa Juma'a? Yaro ne. Don haka ni ban ce a kore maganarsu ba.

Abin da nake so ka tafi da shi wurin zaman nan shi ne yaro shaida ne, ba alƙali ba. Ka ɗauki fom ɗin ka raba tambayoyin gida biyu. Akwai abin da ido ke gani, malam ya shigo ko bai shigo ba, ƙarfe nawa ya shigo, ya duba aiki ko bai duba ba, yana zagin iyayen yara ko ba ya yi, an yi masa tambaya ya amsa ko ya daka tsawa. Wannan yaron JS1 ma zai faɗa maka daidai, kuma idan yara 40 suka haɗu a kan magana ɗaya da wuya ta zama ƙarya. Sai kuma abin da sai mai ilimi ke iya aunawa, wato wai malam ya san darasinsa sosai. Yaron da yau aka fara koya masa abu ta ina zai san an koya masa daidai ko an karkace? Malami mai zaƙin baki zai iya koyar da kuskure yara su tafa masa. Wannan aikin shugaban sashe ne ya shiga aji ya zauna ya saurara.

Ita kuma tambayar ƙarshen nan, a cire ta kawai. Ba a ba yaro wuƙa a ce ya yanke abincin babba. Ranar da yaro ya gane cewa albashin malam yana hannunsa, ranar ladabi ya bar makarantar, kuma malamin da ke da iyali zai fara sayen farin jini da maki, ba don shi mugu ba ne, don yana tsoron yunwa.

Wani abu kuma. Ka tuna abin da aka yi a Kaduna a 2017 zamanin El-Rufai, aka yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, aka daɗe ana gardama. Ko me mutum zai ce a kan yadda aka yi abin, akwai darasi ɗaya da na ɗauka, duk lokacin da aka ɗauki ma'auni ɗaya tak aka ɗora rayuwar malami a kai to rigima ce za ta biyo baya. Jarrabawa tana nuna abin da ke kan malam, fom ɗin yara yana nuna halinsa a aji, takardar NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, suna nuna ya bi ta ƙofa, amma babu ɗaya a ciki da ya isa shi kaɗai.

Ɗalibar aji uku a jami'a, Bauchi:

Salam. Baba na gode da bayani, kuma Malam ka yi haƙuri zan yi magana a matsayin wadda ke zaune a benci, ba rashin kunya ba ne wallahi.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Tun muna firamare ake auna mu, tes, asamen, jarrabawa, a rubuta mana a rifot kad wai ta cika surutu, wai ba ta mai da hankali, mu karɓa mu kai gida a yi mana faɗa, amma da an ce mu ma mu faɗi kalma ɗaya a kan yadda ake koyar da mu sai a ce tarbiyya ta lalace. Ni ina wata babbar makaranta a jihar nan, ba zan kama suna ba. Simestar da ta wuce akwai kwas ɗin da lakcaran ya shigo sau uku kacal, na ƙirga don ina rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, sau uku, sai sati biyu kafin jarrabawa ya sa lakca ranar Asabar da Lahadi tun safe har la'asar ya juye mana komai a ka, ga handawut wanda wakilin aji ke rubuta sunan duk wanda ya saya, ba a ce dole ba ne amma kowa ya san ma'anar rubuta sunan. Mu ana ce mana sai ka halarci kashi 75 na lakca kafin ka zauna jarrabawa, shi kuma wa ke ƙirga nasa? Mun riga mun yi asarar wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, mun dawo kuma ga wannan.

Kuma kar a ɗauka mu ba mu san malamin kirki ba. Wadda muka fi girmamawa a sashenmu ita ce ta fi kowa tsauri, idan ka makara minti goma ba za ka shiga ba, ta taɓa ba ni 9 cikin 30 a tes na yi kuka a hostel, amma ta dawo min da takardar duk ta bi layi layi ta nuna inda na kauce, kuma ofishinta a buɗe yake. Da za a ba mu fom yau wallahi ita za ta zo ta ɗaya. Don haka Malam tsoron da kake ji na cewa sai mai hirar ƙwallo zai ci, ban ce babu shi ba, akwai yara masu son banza, ko a Amurka da Ingila da suka daɗe suna raba irin wannan fom ɗin a jami'o'insu ana ƙorafin cewa mai sakin maki yana samun yabo fiye da haƙƙinsa, amma yawancin ɗalibai sun san wanda ke cutar su da wanda ke gina su, musamman 'yan SS3 da WAEC da JAMB ke jiransu.

Matsala ta gaskiya ita ce sirri. An taɓa raba mana irin wannan takardar, amma lakcaran da kansa ya raba kuma shi ya tsaya ya karɓa, mu talatin da 'yan kai a aji kuma ya san rubutun kowa, to wa zai sayi kariyoba da hannunsa? Kowa ya cike masa yabo muka miƙa. Idan za a yi, wani daban ya raba ya karɓa, malam ya fita daga ajin, ya zama tik kawai za ka yi ba dogon rubutu ba, kuma kar malam ya ga sakamakon sai bayan ya miƙa makin jarrabawa. Sannan akwai abin da 'yan mata ba za su taɓa iya faɗa baki da baki ba, kun gane abin da nake nufi, takardar da ba suna wani lokacin ita ce kaɗai ƙofar da ta rage musu.

Malamin Islamiyya, Bolari:

Assalamu alaikum. Ni dai gaskiya da na fara karantawa raina bai so ba. Mu an tashe mu a kan cewa malami uba ne, ba ka wuce gabansa da takalmi, ba ka ɗaga murya a kan tasa, kuma albarkar karatu tana tare da ladabi. Ina tsoron ranar da yaro zai zauna yana taunar biro yana tunanin maki nawa zai ba wanda ya koya masa alif da ba.

Amma da na yi tunani sai na ga mu ma muna da namu. A karatun zaure babu fom, amma ɗalibi da ƙafarsa yake zaɓe, malamin da ke warware mas'ala yadda za a gane za ka ga zaurensa ya cika tun bayan asuba har a zauna a waje, wanda kuma ba ya biyan buƙata a hankali za a janye ba tare da an ci masa fuska ba. Ɗan boko shi ba shi da wannan damar, an sa shi a aji an ce ga malaminka, ko ya so ko bai so ba. Sannan malaman hadisi sun kafa ilimi guda a kan auna masu ruwaya, wane mai kiyayewa ne, wane yana da mantuwa, wane ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, kuma da yawa ɗaliban mutum ne suka ba da wannan shaidar, ba a kira shi gulma ba saboda amana ce ake karewa. Sai dai waɗancan manya ne da suka san nauyin shaida.

Don haka in za a yi, a fara koya wa yaran cewa abin da za su rubuta shaida ce kuma Allah zai tambaye su, ba wurin ramuwar gayya ba ne. Kuma kar a taɓa karanta sakamakon a gaban asambuli ko a manna a allo. Firinsifal ta kira malam su biyu a ofis, nasiha a ɓoye ake yin ta.

Uwar yara huɗu, Fadaman Mada:

Ni ban yi karatu mai zurfi ba amma ina duba jakar yarana kullum da daddare. Na biyun yana JS2, littafinsa na turanci tun sati na uku ba a sa masa hannu ba har aka yi hutu, na tambaye shi ya ce malam yana ce musu ku yi musanya ku yi wa juna makin, kuma ya roƙe ni kar na je don za a tsane shi. Na kai maganar wa shugaban PTA ya ce za a duba, shiru kake ji. Kuɗin makaranta kuwa ko kwana biyu ka makara an koro maka yaro. To ni kam ina goyon baya a tambayi yara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma Malam ni ma ban yarda a taɓa albashinku saboda shi ba, na san abin da ake biyan malaman makarantun kuɗi, na san wasu sai sun haɗa da lesin na yamma ko kabu-kabu kafin wata ya ƙare. Kuma dan Allah a sa tambaya a kan makarantar ita kanta, aji ɗaya yara sun yi yawa, ba littattafai, malami ɗaya yana riƙe darasi uku, wannan ai ba laifin malam ba ne, kar mai makaranta ya ɓuya a bayan fom.

Tsohon Hedimasta, Azare:

Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Malamin da ke koyar da azuzuwa biyar, kowanne da yara 70, in ya ba da aikin gida sau ɗaya littafi 350 ke jiransa, ba za ka auna shi da mai yara 25 da mudu ɗaya ba. 'Yata ɗaliba kuma, maganarki ta sirri gaskiya ce, na ƙara da cewa kar a yanke hukunci da zango ɗaya, a bari a ga abin da aji daban daban suka faɗa a zango biyu ko uku, in magana ɗaya tana ta dawowa to sai a zauna da malamin.

Malamin Lissafi, Gombe:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam, Hajiya da ƙanwata ɗaliba Allah ya saka da alheri. Ƙanwata maganar wanzami ta shige ni, ban ji haushi ba.

Bari na faɗa muku abin da na yi jiya Juma'a, don ban iya jira ba. Minti goma kafin a tashi na yayyaga takardu na raba wa 'yan SS2, ajin da na ƙwace wa wayoyi, na ce kowa ya rubuta abu ɗaya da yake so na ci gaba da yi da abu ɗaya da yake so na canza, ba suna, monita ya tattara ya zuba a leda ni kuma na fita na tsaya a baranda. Na san ba a yi shi yadda ƙanwata ta ce ba tunda ni zan karanta kuma na san rubutun wasu, amma na yi musu alƙawari kuma zan cika. Da daddare bayan isha'i na zazzage ledar a kan tabarma. Akwai biyu da suka rubuta a dawo mana da waya, akwai ɗaya da ya zage ni, na ajiye ta gefe. Amma abin da ya fi yawa, kusan rabin ajin, magana ɗaya ce da ban taɓa zato ba, wai ina goge allo da sauri kafin su gama kwafa, kuma in na ce kun gane sai na kalli layin gaba kawai, na baya ba na jiran su. Wata ta rubuta cewa tun SS1 ba ta gane darasin sayin da kosayin ba amma tana jin kunyar ɗaga hannu saboda na taɓa cewa wannan ai ɗan firamare ma ya sani. Ni na manta na faɗi haka, ita ba ta manta ba. Na daɗe zaune da takardar nan a hannu. Shekara tara ina wannan abin, firinsifal ta shiga ajina ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa lura ba, don ita ma a gaba take zama.

Ranar Litinin insha Allah zan ce na yarda a raba fom, amma a cire tambayar ƙarshe da ta cewa malam ya san darasinsa, a raba shi da albashi da kwantiragi, wani daban ya karɓa, a ƙara tambayoyi a kan makarantar kamar yadda Hajiya ta ce, kuma sakamako ya tsaya tsakanin malami da firinsifal. Inda nake hango cikas shi ne mai makaranta, don na ji shi ya kawo shawarar tun farko kuma maganar albashin ce ta fi jan hankalinsa. Baba, in ya dage sai an haɗa da albashi, kuna ganin mu nemi a kira zaman PTA ne, ko mu malamai mu rubuta takarda ɗaya mu sa hannu gaba ɗaya? Mu goma sha wani abu ne kuma uku a ciki 'yan bautar ƙasa ne, ba na so na jefa kowa cikin matsala.